Shekarar da Muka Shuka Tarin Shiƙa a Faranti

Ku da ake turo mana daga makaranta koyon aikin lab, ina lura da ku. Kuna shigowa da farar riga a goge, idonku na kan injin nan na gefen taga, wanda ake ɗura wa jini ya fitar da takarda. Jiya ma na ji ɗayanku yana cewa aikin nan danna maɓalli ne kawai. To, ku jawo kujeru. Ni Binta, a ɗakin gwajin nan na Tudun Wada na yi furfura, kuma na san ƙwayar cutar da ba ruwanta da maɓalli. Sai ka dafa mata abinci, ka zuba mata a faranti, ka yi mata ɗumi, ka zauna jiranta. Ita ce ƙwayar tarin shiƙa.

Aikin farko da aka ba ni a nan wankin faranti ne. Wanda ya koya mini aiki, Mista Obiora, mutumin kudu ne, amma a Zariya aka haife shi, Hausarsa har da karin Zazzagawa. Farantan gilashi masu murfi muke aiki da su a lokacin, ba na roba da kuke jefarwa yanzu ba. In na wanke, sai ya ɗaga kowanne ya duba a hasken taga. In ya ga tabon sabulu ba ya faɗa, sai ya mayar cikin baho ya wuce. Na daɗe ina wanki da turara kaya a tukunya kafin ya bar ni na riƙe wayar shuka. Shuka muke ce wa aikin, don kusan ita ce: ka ɗebo abin da aka kawo daga jikin majinyaci da bakin waya, ka ja shi a kan abincin da ke cikin faranti, ka sa a akwatin ɗumi, ka ga me zai tsiro.

Wata safiya ya aike ni kasuwa na sayo dankalin Turawa. Na zaci abincin rana zai yi. Sai ya sa na fere, muka dafa, muka tace ruwan, ya zuba wani ruwa mai kauri da ake kira gilisarin, da wani gari da ke sa ruwa ya kafe. Sannan muka zaga bayan lab, inda muke kiwon rago ɗaya domin wannan aikin. Na riƙe masa kai, ya ɗebi jini a jijiyar wuya, ya zuba a kwalba mai 'yan duwatsun gilashi yana girgizawa don kada ya daskare. Ya ce abincin ƙwayar tarin shiƙa ke nan, ita ba ta cin abin da sauran ƙwayoyi ke ci. Sau ɗaya na ga an haɗa shi. Daga nan shekaru suka yi ta wucewa ba wanda ya nema, har Mista Obiora ya yi ritaya, ni na gaje kujerarsa.

Shekarar da nake son ba ku labari, da faɗuwar damina abin ya fara. Jarirai aka riƙa kawowa, daga nan Tudun Wada, daga Gyallesu, har daga Dutsen Abba. In kun taɓa jin tarin nan ba za ku manta ba. Jariri zai yi ta tari a jere ba ya samun jan numfashi, fuska ta canza, leɓe ya yi duhu, sannan ya ja iska da wata irin ƙara, ya yi amai. Ƙananan cikinsu ko ƙarar ba sa yi, numfashin ne kawai yake ɗaukewa. Ɗakin yara yana kallon tagar lab ɗin nan, don haka ina ji ina aiki. Kafin wata ya ƙare mun rasa jarirai.

Likitar yara a lokacin Dakta Hauwa ce, yarinya ce a kaina, amma ba ta da wasa. Ta shigo nan ta tsaya daidai inda wancan yake zaune, ta ce, "Anti Binta, na san tarin shiƙa ne, amma ina son a kama shi a hannu. Mata sun fara daina kawo yara rigakafi. Wai an ga yaran da aka yi wa allura suna tari, wai ƙwayar ta rikiɗa, allura ba ta cinta."

Na ce, "Dakta, ƙwaya tana rikiɗa ne da gaske?"

Ta ce tana yi. Ta yi mini bayani, ni ma bari in yi muku yadda na fahimta. Kowace ƙwaya tana ɗauke da wani dogon rubutu a cikinta, shi ne DNA da kuka karanta a aji. In za ta rabu biyu sai ta kwafe rubutun, wani lokaci a sami harafi ɗaya ya sauya. Lokacin da cuta take kwance, kwafin kaɗan ne. Amma lokacin annoba, tana ta rabuwa a maƙogwaron yara da manya gida-gida, sauyin sai ya yawaita, kuma wadda sauyinta ya taimake ta yaɗuwa ita ce za ta cika gari. Dakta ta ce a wasu ƙasashe an ga wadda ta ƙara yawan dafinta, an ga wadda ta zubar da wani ɓangaren jikinta da garkuwar mutum ke gane ta da shi, an ma ga wadda maganin da aka saba bayarwa ya daina kashewa. Tamu ta nan kuwa ba mu san ko wace iri ba ce.

Ta ce, "Akwai wani babban lab da ya yarda zai karanta mana rubutun. Amma sai mun aika musu da ƙwayar kanta. Za ki iya shuka ta?"

Na ce zan shuka.

Haɗin farko da na yi, da ka na yi shi, bai yi kyau ba. Na zuba jinin da sauran zafi, abincin ya koma kalar ƙasa. Ban ɓata lokaci ba, na hau acaɓa na tafi wurin Mista Obiora. Na same shi a benci gaban shagon 'yarsa, ido ya yi rauni, amma kai garau. Na gaishe shi, na faɗa masa abin da ya kawo ni.

Ya ce, "Binta, kin ƙona jinin ke nan. Ki ɗora kwalbar a bayan hannunki. In kin iya barinta a wurin ba ki janye ba, sannan ki zuba. Kuma da me kike ɗebo majinar?"

Na ce da tsinken auduga.

Ya girgiza kai. "Auduga kashe ta take yi. Ki nemi siririn tsinken nan mai lanƙwasa, wanda kansa ba auduga ba ne. Ta hanci za ki bi, har can baya inda hanci ya haɗu da maƙogwaro. Kuma kada ki ɗauko ki taho da shi lab. Ki je da farantin bakin gado, ki shuka nan take. Ba ta jure hanya."

Har na miƙe sai ya ce in tsaya. Ya tambaye ni ko tsohon firijin nan na lungu yana nan. Na ce yana nan. Ya ce a can ƙasa akwai gwangwanin madara da aka naɗe da filasta, a ciki akwai 'yan kwalabe da aka toshe bakinsu da wuta. Ƙwayar tarin shiƙa ce da ya shuka a wata annoba tun kafin in fara aiki, ya kai wa wani abokinsa ya busar masa da ita. Ya ce, "Na ajiye ne ko wata rana wani zai tambaya. In likitarki tana son ta san ko ta canza, ai sai ta ga ta da."

Na sha ganin gwangwanin nan ina goge firiji, ban taɓa buɗewa ba. Da na dawo na same shi yadda ya faɗa. Na fasa kwalba ɗaya, na jiƙa garin, na shuka a sabon haɗi. Na jira har ya wuce lokacin da ya kamata. Ba abin da ya tsiro. Na kai wa Dakta Hauwa farantin na ce ta mutu, shekaru da ɗauke wuta sun gama da ita. Sai na ga tana murmushi. Ta ce in kulle sauran kwalaben kada in ƙara fasa ko ɗaya, domin ko ƙwaya ta mutu rubutun cikinta yana nan, ana iya karantawa. Saura ta yanzu.

Ta yanzun ce ta ba ni wuya. Na shuka daga jarirai da dama a ɗakin yara, ba ta fito ba. Wani farantin fumfuna ta cinye shi, don damina ce. Wani kuma sauran ƙwayoyin hanci suka rufe shi. Ga wuta, ana ɗauke ta tun safe, janareta kuma na ɗakin tiyata ne da na iskar numfashin da ake sa wa yara, ba zan ce a ba ni ba. Ita kuwa ƙwayar ɗumin jikin mutum take so, ba sama ba ƙasa. Sai na samo kula irin ta masu sayar da zoɓo, na jera kwalaben ruwan ɗumi a ciki, na rataya ma'aunin zafi, na sa jiƙaƙƙen tsumma don kada abincin ya bushe. In wuta ta tafi, faranti su koma kula. Ruwa ya fara hucewa, in canza. Mai gadinmu ya koyi aikin, yana karɓata in na tashi.

Amma babbar matsalar ba wuta ba ce. Yaran suna zuwa mana a makare. Sai tari ya yi makonni, an sha maganin kemis, an sha na gargajiya, sannan a zo asibiti. A lokacin ƙwayar ta riga ta yi ɓarnarta ta ragu a hanci. Wanda ake so shi ne wanda ya fara mura jiya ko shekaranjiya, wanda ba uwar da za ta kawo shi asibiti a kan mura. Irin wannan yaron a gida yake, kusa da jaririn da aka kwantar.

A gadon da ke bakin ƙofa akwai wata jaririya, Ummi, ko arba'in ba a yi ba, lokacin allurarta ta farko ma bai kai ba. Uwarta Maimuna, 'yar Gyallesu, ba ta matsawa daga gefenta. Na tambaye ta ko akwai mai mura a gida. Ta ce yayar Ummi, Zainab, ta tashi da yoyon hanci. Na ce ina son in je in ɗauki gwaji. Ta ce sai maigidan ya yarda.

Maigidan, Malam Idi, direban keke mai ƙafa uku ne. Da yamma ya zo da abinci, na tare shi a baranda na nuna masa tsinken. Ya dube shi, ya dube ni.

Ya ce, "Hajiya, wannan wayar za ki zura wa 'yata a hanci? Ɗaya tana kwance an sa mata roba, ɗayar ma da take wasanta sai an taɓa ta? A'a. Gwajin nan zai warkar da Ummi?"

Na ce, "Ba zai warkar da ita ba, Malam Idi. Ba zan yi maka ƙarya ba. Amma zai nuna mana ko maganin da ake ba ta yana cin ƙwayar, ko kuwa a canza. Kuma zai amfani yaran da ba su kamu ba tukuna."

Yana shirin ba ni amsa sai tari ya sarƙe shi, ya dafa bango har idonsa ya kawo ruwa. Na tambaye shi tun yaushe. Ya ce ya kwana biyu, hayaƙin hanya ne. Na zauna a benci, na ɗaga kai, na ɓare sabon tsinke, na zura wa kaina ta hanci har ya taɓa baya, na juya, na zaro. Hawaye ya zubo mini, na yi atishawa, shi ke nan. Na ce, "Ka ga iyakarsa."

Can ya ce, "To, a fara da ni. In na ji abin da yarinya za ta iya ɗauka ne, sai mu je."

Na yi masa. Ya murza hanci, ya ce, "Ba daɗi, amma ba ciwo." Sannan ya ɗaga yatsa. "Da sharaɗi ɗaya. Duk abin da ya fito, ki faɗa mini da bakinki. Kada ya ƙare a takardar likitoci."

Na yi masa alkawari.

Washegari da safe shi ya ɗauke ni a kekensa zuwa Gyallesu, kula a cinyata, yana kauce wa ramuka a hankali kamar ya ɗauko ƙwai. Ya zaunar da Zainab a ƙafarsa, ya riƙe mata goshi yana yi mata wasa. Na ɗebo, na buɗe faranti a nan tsakar gida na shuka kafin ta gama kukan. Matan gidan suna kallo. Da suka ga yarinya ta koma wasa, wata maƙwabciya ta kawo nata ɗan mai mura, wata ma ta kawo. A ranar Dakta ta rubuta wa duk mutanen gidan magani, ba ta jira sakamako ba.

Duban faranti irin wannan haƙuri yake so. Yawancin ƙwayoyi kwana ɗaya sun fito. Ita sai ta yi kwanaki ba alamar komai, har ka fara tunanin zubarwa. Kullum da safe ina ɗaga murfi in karkata shi a hasken taga. Na Malam Idi bai fito da komai ba. A na Zainab, wata safiya, na ga wasu 'yan ɗigo kamar kan allura, masu ƙyalli, kamar an yayyafa ruwan azurfar nan na cikin ma'aunin zafi. Na shafa a gilashi, na rina, na duba a madubin ƙara girma. Na ɗiga ruwan gwajin da ake tabbatar da ita, ta dunƙule. Ita ce. Na aika a kira Dakta Hauwa, ta zo da gudu, abin awon ƙirji yana lilo a wuyanta.

Ba mu tsaya murna ba. Na sake shuka ta a sabon faranti, na ɗora 'yar takardar da aka jiƙa da maganin da ake ba yaran. Bayan kwanaki, kewayen takardar ya fito fes, ba abin da ya tsiro kusa da ita. Magani yana ci. Da muka gane hanyar, sai muka riƙa bin gidaje, ni da ma'aikatan rigakafi, muna neman masu sabuwar mura. Na samu ta tsiro daga Tudun Wada, na samu daga Dutsen Abba. Muka haɗa su da tsofaffin kwalaben Mista Obiora, aka naɗe yadda doka ta ce, aka aika.

Ummi ba ta tashi ba. Maganin yana kashe ƙwaya, amma ba ya gyara abin da dafinta ya riga ya ɓata a ƙirjin jariri. Dakta da nas-nas sun yi iya ƙoƙarinsu. Ranar wata Laraba da hantsi numfashinta ya ɗauke, bai dawo ba. Na je gaisuwa Gyallesu, na dawo na turara faranti, domin akwai gidajen da za mu shiga washegari. Zainab kuwa, da aka ba ta magani da wuri, tarinta bai yi nisa ba.

Sakamako bai zo ba sai bayan watanni, damina ta ɗauke, annobar ta lafa. Dakta Hauwa ta buɗe kwamfutarta a kan teburin nan ta nuna mini. Ƙwayar ta canza, gaskiya ne. Ta yanzu ba ɗaya take da ta Mista Obiora ba, akwai wuraren da haruffa suka sauya, har da wurin da ke kula da yawan dafi. Waɗanda muka ɗebo a unguwanni kuwa kusan duk iri ɗaya ne, 'yan gida ɗaya, alamar ita ce ta bi gari. Amma ba ta zama wata halitta dabam ba. Ba a ga alamar gagarar magani a cikinta ba, kuma sassan jikinta da allura ke koya wa jiki ganewa suna nan. Dakta ta ce ya dace da abin da ta gani a ɗakin yara: waɗanda aka yi wa allura sun yi tari sun tashi, waɗanda abin ya kayar su ne jariran da lokacinsu bai kai ba da waɗanda aka fasa kaiwa. Ranar awo ta tsaya gaban mata ta faɗa musu haka da Hausa. Ni kuma na je na faɗa wa Mista Obiora, ya sa na maimaita masa sau biyu.

Saura alkawari. Na sami Malam Idi a inda masu keke ke jiran fasinja a bakin kasuwa. Ya gan ni ya fito daga layi, muka koma gefe ƙarƙashin rumfar mai shayi. Na faɗa masa komai yadda na faɗa muku, ban rage ba. Ya saurara yana juya makullin keke a hannu.

Da na gama ya ce, "Hajiya, tambaya ɗaya. Tarin nan da na yi ta yi. Ni na kai mata?"

Na ce, "Farantinka bai tsiro da komai ba, amma ka daɗe da tarin kafin in ɗauka, don haka ba zan ce maka ba shi ba ne. Manya suna ɗaukarsa su zaci tari ne kawai. Abin da na sani, wadda ta fito a hancin Zainab ita ce a Tudun Wada, ita ce a Dutsen Abba. Ta cika gari a lokacin. Ba wani gwaji da zai nuna ta ƙofar da ta shiga gidanka."

Mai shayi ya miƙo masa ruwa, ya sha.

Ya ce, "Allah ya jiƙanta." Na ce amin. Sannan ya ce, "Maimuna tana da ciki. Me zan yi dabam?"

Na ce sati shida da haihuwa a kawo jariri allurar farko, kada a ɗaga ko don biki, a kuma cika sauran. Kafin lokacin, duk mai tari a gidan, babba ko yaro, kada ya ɗauki jariri, ya zo asibiti tun yana mura. Na ce a duba katin Zainab ma, in da saura a cike.

Ya ce, "Har ni?"

Na ce, "Kai ne na farko."

Ya gyaɗa kai, ya ce in shiga ya mayar da ni asibiti.

Namiji Maimuna ta haifa. Ranar da aka kawo shi allura ina nan ina rina gilasai, sai na ji ana ƙwanƙwasa taga. Malam Idi ne, ya ajiye keke da safe, lokacin da fasinja suka fi yawa, ya rako su da kansa. Ya ce, "Hajiya, mun zo. Yau ne daidai." Na wanke hannu na fita. Maimuna tana kan benci a layi, ta kwance goyo, nas tana goge cinyar yaron. Aka soka allura. Ya buɗe baki ya tsala kuka, dogo, ya ja numfashi ya cika ƙirji, ya sake tsalawa har matan layin suka yi dariya. Malam Idi bai yi dariya ba. Ya sunkuya yana kallon ƙirjin yaron yana hawa yana sauka, sannan ya juya wurin nas ya ce, "Malama, ta biyun yaushe ce?"